Shakka da Imani a Turai: Asalin Gardamar Hankali da Wahayi

Sakamakon ƙidayar jama'a da aka yi a Ingila da Wales a shekarar 2021 ya nuna cewa kashi 46.2 cikin ɗari na mazauna yankin ne suka ce su Kiristoci ne, kashi 37.2 kuma suka ce ba su bin kowane addini. Wannan ne karo na farko da Kiristoci suka kasa kai rabin jama'a a ƙidayar yankin. Duk wanda ya san cewa daga wannan ƙasa ce 'yan mishan suka riƙa tasowa zuwa Afirka a ƙarni na 19, zai so ya ji yadda aka yi reshe ya juye da mujiya. Bayanin da aka fi ji shi ne cewa kimiyya ce ta zo ta kori addini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ya bar mafi yawan labarin a baya. Shakkar da ta girgiza Turai tsakanin shekarar 1500 da 1800 a cikin coci aka haife ta, malaman addini ne suka fara ɗaukar ta makami suna saran juna da ita, kuma akasarin waɗanda suka wasa ta sun rayu sun mutu suna cewa sun yi imani da Allah.

Matsayai huɗu da ake cakuɗawa

Shakka, a ma'anar da masana falsafa suke nufi, hanya ce ta bincike da ke tambayar ko ɗan Adam zai iya samun yaƙini a kan wani abu, kuma da wane ma'auni zai gane cewa ya same shi. Mai wannan ra'ayi ba ya cewa babu Allah, domin faɗin haka ma da'awar sani ce. Abin da yake cewa shi ne hujjojin ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki, saboda haka ya dakatar da hukunci. Mulhidi kuwa shi ne wanda ya yanke cewa babu Mahalicci, kuma ba a cika samun irinsa a rubuce ba kafin tsakiyar ƙarni na 18, ko don ƙarancinsu ko don tsoron wuta. Akwai kuma waɗanda suka yarda da Mahalicci ta hanyar duban halitta, amma suka ƙi wahayi da mu'ujiza da ikon malaman coci, kuma sun yi tashe a Ingila daga ƙarshen ƙarni na 17. Na huɗu su ne masu cewa hankali rarrauna ne, ba zai iya tabbatar da komai a sha'anin Ubangiji ba, don haka sai a miƙa wuya ga imani zalla. Waɗannan suna ɗaukar hujjojin masu shakka ɗaya bayan ɗaya, amma don kare addini.

Wahalar ita ce, na farko da na huɗu bakinsu ɗaya. Idan marubuci ya cika shafi ɗari yana rushe hujjojin hankali a kan samuwar Allah, sannan a layin ƙarshe ya ce shi ya sa dole a dogara ga wahayi, mai karatu ba shi da hanyar gane ko mumini ne na gaske ko kuwa wuyansa yake karewa daga hukuma. Har yau masana tarihi suna jayayya a kan wasu daga cikin mutanen nan saboda wannan dalili.

Rigimar ma'auni

A shekarar 1517 Martin Luther, wani malamin coci a garin Wittenberg na Jamus, ya fito da batutuwa 95 yana sukar yadda ake sayar wa mutane takardun sassauta azabar zunubi. Da fari gardama ce a kan al'ada guda. Amma da aka gurfanar da shi a gaban sarkin daular da Jamus take ciki a garin Worms a 1521 aka nemi ya janye, sai ya ce ba zai janye ba sai an gamsar da shi da nassin Littafi Mai Tsarki ko da hujja bayyananna, domin Paparoma da majalisun coci sun sha yin kuskure suna saɓa wa juna. Da wannan magana rigimar ta sauka daga reshe ta koma tushe. Shekaru aru-aru, in an yi saɓani a kan aƙida, cocin Roma ne ke yanke hukunci. Luther ya ce alƙalin shi ne nassi kamar yadda zuciyar mumini ta gamsu da shi. To, in alƙalai biyu suka saɓa, wa zai raba gardama tsakaninsu?

Malaman Katolika suka ce in kowa zai fassara nassi da kansa, za a wayi gari addinai sun kai yawan masu karatu. Ba su daɗe ba suka samu abin nunawa, domin a 1529 Luther da Zwingli na birnin Zurich sun zauna a Marburg sun tashi ba su daidaita ba a kan ma'anar Jibin Ubangiji, wato ibadar gurasa da ruwan inabi ta Kiristoci, alhali nassi ɗaya ne a gabansu. Malaman Furotesta, wato waɗanda suka ɓalle daga cocin Roma, suka mayar da martani da tambaya: ta yaya mutum ya san cewa cocin Roma ne na gaskiya? In da nassi ya sani, nassi ne alƙali; in da hankalinsa ya sani, hankalinsa ne alƙali; in kuwa cocin ne ya gaya masa, to coci ya zama mai yi wa kansa shaida. Kowane ɓangare ya iya rushe ginin abokin hamayya, babu wanda ya iya kare nasa daga irin wannan sara. Erasmus, shahararren masani ɗan Holan, ya rubuta a 1524 cewa a mas'aloli masu duhu irin su ƙaddara da zaɓin ɗan Adam, gara ya bi sahun masu shakka ya bar wa coci hukunci. Luther ya ba shi amsa a 1525 cewa Ruhu Mai Tsarki ba mai shakka ba ne.

Ana cikin haka sai wani tsohon makami ya fito daga rumbun littattafai. A 1562 mai maɗaba'a Henri Estienne ya buga fassarar Latin ta littafin Sextus Empiricus, wani likita Bagirke da ya rayu wajajen shekara ta 200 Miladiyya, wanda ya tattara hujjojin mazhabar Pyrrho ta masu shakka. A ciki akwai hujjar da ta dace da rigimar kamar an auna: duk ma'aunin da aka kawo don gane gaskiya, shi ma yana buƙatar wani ma'aunin da zai tabbatar da shi, saboda haka ko dai a yi ta komawa baya ba iyaka, ko a yi ta zagaye wuri ɗaya, ko a tsaya a ce haka ne kawai ba tare da hujja ba. Wanda ya fassara sauran ayyukan Sextus a 1569, Gentian Hervet, malamin Katolika ne, kuma ya faɗa a gabatarwarsa cewa littafin zai yi amfani wajen karya mabiya John Calvin, wani jigon Furotesta. Injin buga littattafai da Gutenberg ya samar a tsakiyar ƙarni na 15 shi ya sa abin da a da zai tsaya a hannun malamai ƙalilan ya bazu ko'ina.

Jinin da ya zuba

Da gardamar ta tsaya a takarda, da an samu sauƙi. A 1553 aka ƙone Michael Servetus, wani likita ɗan Sifen da ya musanta aƙidar Allah uku cikin ɗaya, a Geneva, birnin Calvin, bayan ya tsere daga hannun hukumar Katolika a Faransa. Gaba kura baya sayaki. Sebastian Castellio, wanda shi ma Furotesta ne, ya rubuta cewa kashe mutum ba kare aƙida ba ne, kashe mutum ne kawai. Hujjarsa ta shakka ce: mas'alolin da ake kisa a kansu an shafe ɗaruruwan shekaru ana jayayya a kansu, wanda ke nuna ba su fito fili ba, kuma bai dace a ƙone rai a kan abin da bai fito fili ba.

Faransa ta faɗa yaƙin addini daga 1562 zuwa 1598, kuma a watan Agusta na 1572 an kashe dubban Furotesta a Paris da wasu birane cikin 'yan makonni. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ci rayukan miliyoyin mutane, akasari a ƙasashen Jamus, ta hanyar takobi da yunwa da annoba. Siyasa da kwaɗayin ƙasa sun taka rawa babba a waɗannan yaƙe-yaƙe, tunda Faransa ta Katolika ta mara wa Furotesta baya don ta karya gidan sarautar Habsburg. Duk da haka, wanda ya ga maƙwabcinsa ya yanka maƙwabcinsa, kowannensu yana da yaƙinin cewa Allah na tare da shi, dole ya fara tambayar amfanin irin wannan yaƙini.

A cikin wannan wuta Michel de Montaigne ya yi rubutunsa, wanda ya fara fitowa a 1580. Ɗan Katolika ne, tsohon ma'aikacin shari'a a Bordeaux, daga baya kuma magajin garin, kuma takensa tambaya ce: me na sani? Ya nuna cewa ido da kunne suna yaudara, cewa hukuncin mutum yana sauyawa da lafiyarsa da fushinsa, cewa abin da ake kira gaskiya a wannan gefen dutse ana ƙaryata shi a wancan gefen. Da ya ji labarin ƙabilun Brazil masu cin naman abokan gaba, sai ya ce kowa yana kiran abin da ba al'adarsa ba dabbanci, kuma cin gawa bai kai azabtar da mai rai da sunan addini muni ba, abin da ya ce an gani a ƙasarsa. Maganarsa mafi kaifi ita ce cewa mutanensa Kiristoci ne ta hanyar da suka zama 'yan yankin Perigord na Faransa ko Jamusawa, wato wurin haihuwa ne ya zaɓa musu. Abin da ya gina a kan wannan duka shi ne kowa ya zauna a addinin da ya tarar, domin wanda bai san komai ba ba shi da hujjar kawo sauyi. Masu tace littattafai a Roma sun duba aikinsa a 1581 suka nemi 'yan gyare-gyare kawai. Sai a 1676 aka sa shi cikin jerin haramtattun littattafai. Kalmomin ba su sauya ba, masu karatun ne suka fara ɗaukar rusau ɗin suna barin miƙa wuyan.

Sama da ƙasa sun faɗaɗa

Nan ne kimiyya ta shigo da nata rabon. Copernicus ya buga a 1543 cewa duniya ce ke kewaya rana, Galileo kuma ya ɗaga madubin hangen nesa a 1610 ya ga watanni suna kewaya tauraron Mushtari. Matsayinsa shi ne cewa Littafi Mai Tsarki yana magana da mutane gwargwadon fahimtarsu, kuma manufarsa koyar da hanyar tsira ce, ba tafiyar taurari ba. Kotun coci ta tilasta masa janyewa a 1633, ta tsare shi a gida har ya mutu a 1642. Ita ma ƙasa ta kawo nata tambayoyin, domin jiragen ruwa sun dawo da labarin al'ummomin Amurka da ba a ambace su a nassi ba, da kuma tarihin Sin wanda ya yi tsawon da ya takura lissafin shekarun duniya da coci ya saba da shi. Manyan masana kimiyyar zamanin, irin su Kepler da Boyle da Newton, masu addini ne sosai, har Boyle ya bar wasiyyar kuɗi don a riƙa laccar kare Kiristanci. Abin da kimiyya ta raunana shi ne amincewa da cewa tsohon littafi da tsohon malami su ne ke da magana ta ƙarshe a kan halitta.

Descartes da Pascal

René Descartes, masanin falsafa ɗan Faransa, ya yanke shawarar ya bi shakka har ƙarshenta ko zai tarar da dutsen da za a yi gini a kai. A littafinsa na 1641 ya yi shakkar gaɓoɓinsa, ya ce ƙila mafarki yake yi, ya ce ƙila wani mugun aljani ne ke ruɗar sa har a lissafin biyu da uku. Abu ɗaya ya rage: mai shakka yana tunani, mai tunani kuwa akwai shi. Daga nan ya kafa hujja cewa tunanin Kamili marar iyaka da ke cikin zuciyarsa ba zai fito daga shi kansa mai tawaya ba, saboda haka akwai Allah, kuma Allah ba ya yaudara, saboda haka abin da hankali ya gani ƙarara gaskiya ne. Ya sadaukar da littafin ga malaman tauhidi na jami'ar Paris a matsayin kariya ga addini. Antoine Arnauld, wanda shi ma malamin addini ne, ya nuna masa zagayen da ke ciki tun a lokacin: ya dogara ga hankali don tabbatar da Allah, ya kuma dogara ga Allah don tabbatar da hankali. Masu karatu da yawa sun ga cewa ramin da ya haƙa ya fi igiyar da ya zura tsawo. Malaman Furotesta a Utrecht sun zarge shi da buɗe ƙofar ilhadi, Roma kuma ta haramta littattafansa a 1663.

Blaise Pascal, gwanin lissafi wanda ya ƙera injin ƙidaya tun yana saurayi, ya bi wata hanya dabam. A ganinsa hujjojin falsafa, ko da sun inganta, ba sa kai mutum ga Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu, kuma zuciya tana da dalilanta waɗanda hankali bai sani ba. A rubuce-rubucensa da aka buga a 1670 bayan rasuwarsa, ya kawo hujjar da ta yi suna: tunda hankali ba zai raba gardama ba, kuma dole mutum ya rayu ta ɗayan hanyoyin biyu, to ya auna riba da hasara. In ya yi imani kuma akwai Allah, ya samu abin da ba ya ƙarewa. In babu, abin da ya rasa kaɗan ne. Masu suka sun ce imanin da aka gina a kan lissafin riba ba imani ba ne, kuma hujjar ba ta nuna addinin da za a zaɓa ba. Diderot, marubucin Faransa na ƙarni na 18, ya ce limamin Musulmi ma zai iya faɗin abin da Pascal ya faɗa. Masu kare shi sun ce bai kawo ta a matsayin tabbaci ba, ya kawo ta ne don ya farkar da wanda ya yi ko-in-kula.

Da bincike ya iso kan nassi

Baruch Spinoza ya taso a cikin Yahudawan Amsterdam waɗanda iyayensu suka gudo daga Fotugal, kuma al'ummarsa ta kore shi a 1656 yana ɗan shekara 23. A littafin da ya fitar a 1670 ba tare da sunansa ba, ya ce a karanta Littafi Mai Tsarki kamar yadda ake karanta kowane tsohon rubutu, a tambayi wanda ya rubuta, da lokacin, da waɗanda aka rubuta wa. Ya ce Annabi Musa ba zai zama shi ya rubuta dukkan littattafai biyar na Attaura da ke hannunsu ba, tunda a ciki an ba da labarin rasuwarsa, kuma ya jingina da ishara da malamin Yahudawan Andalus, Ibn Ezra, ya yi tun ƙarni na 12. Ya musanta mu'ujiza a ma'anar karya dokar halitta, ya kuma nemi hukuma ta bar kowa ya yi tunaninsa ya faɗi abin da ya gani. An haramta littafin a Holan a 1674. Shekara huɗu bayan haka Richard Simon, limamin Katolika, ya yi irin wannan bincike da wata manufa dabam, wato ya nuna wa Furotesta cewa nassi shi kaɗai bai isa ba sai da al'adar coci. Nasa mutanen ne suka lalata bugun suka kore shi daga ƙungiyarsa.

Pierre Bayle shi ne ya fi kowa wuyar ganewa. Ɗan limamin Furotesta ne a Faransa, ya koma Katolika, ya sake dawowa, ya ƙare yana gudun hijira a Rotterdam. A 1685 Sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes da ta ba Furotesta 'yancin ibada tun 1598, kuma a shekarar ce ɗan'uwan Bayle ya mutu a kurkuku. Bayle ya rubuta cewa zuciyar da ta yi kuskure da kyakkyawar niyya tana da haƙƙi daidai da wadda ta dace, domin in aka halatta wa mai gaskiya ya tilasta, kowace ƙungiya za ta tilasta, tunda kowace tana ganin ita ce mai gaskiya. Ya kuma ce al'ummar mulhidai za ta iya zama lafiya da doka da kunya, maganar da ta tayar da ƙura ƙwarai. A babban ƙamusunsa na 1697 ya nuna cewa hankali ba zai iya daidaita samuwar sharri da Ubangiji mai iko mai jinƙai ba, sannan ya ce wannan ne dalilin komawa ga wahayi. Ya mutu a 1706 yana cikin cocinsa, amma ƙamusun ya zama ma'ajiyar makamai ga Voltaire, marubucin Faransa mai sukar coci, da 'yan zamaninsa.

John Locke a Ingila ya nemi tsaka-tsaki. Ya raba al'amura uku: abin da ya dace da hankali, da abin da ya fi ƙarfin hankali kamar tashin matattu, da abin da ya saɓa wa hankali. Ana karɓar na biyu ta wahayi, ba a karɓar na uku, kuma hankali ne zai duba ko abin da aka ce wahayi ne daga Allah yake. A wasiƙarsa ta 1689 ya ce bai kamata a hana Bayahude ko Musulmi haƙƙin ɗan ƙasa saboda addininsa ba, amma ya cire mulhidi, domin a ganinsa rantsuwa ba ta ɗaure shi. David Hume ɗan Sikotland ya juya wannan ma'auni a kan mu'ujiza a 1748: ba a karɓar shaida a kan mu'ujiza sai in ƙaryar shaidar ta fi mu'ujizar wuyar aukuwa. Malaman coci irin su George Campbell sun amsa cewa Hume ya yanke hukunci kafin ya saurari shaidu, tunda ya ɗauka tun farko cewa dokar halitta ba ta taɓa karyewa ba. Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya zo a ƙarshen ƙarnin ya ce hankali ba zai iya tabbatar da samuwar Allah ko kore ta ba, kuma ya taƙaita ilimi ne don ya sama wa imani wuri.

Inda gardamar ta haɗu da ilimin Musulmi

Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure zai ji yawancin tambayoyin nan ba baƙi ba ne. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labari a Munƙizu minad Dalal cewa ya yi shakkar gaɓoɓinsa sannan ya yi shakkar hankalinsa, ya kawo misalin mafarki, ya zauna a haka kusan wata biyu, har ya warke da hasken da Allah ya jefa a zuciyarsa. A Tahafutul Falasifa ya ce ganin auduga ta ƙone idan ta haɗu da wuta yana nuna haɗuwar abu biyu ne kawai, bai tabbatar da cewa wutar ce ta aikata ba. Hume ya yi irin wannan lura a kan sababi, sai dai Ghazali ya tafi da ita zuwa ga ikon Allah da yiwuwar mu'ujiza, Hume kuwa ya tsaya a kan sabo da al'adar zuciya. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, shi tasirinsa a Turai kai tsaye ne, domin an fassara sharhinsa na Aristotle zuwa Latin ana karantar da shi a Paris da Padua. Matsayinsa shi ne gaskiya ba ta karo da gaskiya, kuma in zahirin nassi ya saɓa wa hujja yankakkiya sai a yi tawili. Labarin Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Tufail, na yaron da ya girma shi kaɗai a tsibiri ya gane Mahalicci da hankalinsa, an buga shi da Latin a Oxford a 1671.

Maganar Montaigne a kan addinin gado kuwa ita ce mas'alar imanin mai taƙlidi. Littafin Ummul Barahin na Sanusi, wanda ya daɗe ana karanta shi a ƙasar Hausa, ya fara ne da hukunce-hukuncen hankali uku, wajibi da mustahili da ja'izi, kuma ya ɗora wa baligi nauyin sanin Ubangijinsa da hujja. Wasu ɗalibai a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun tsananta a kan haka har suna kafirta talakan da bai iya jero hujjojin ba, Shehu kuma ya yi rubuce-rubuce yana yi musu raddi. Bambancin da ke tsakanin wuraren biyu yana da girma: Musulmi ba su da Paparoman da za a yi wa tawaye, kuma tambayar ingancin labari sun daɗe da ware mata fanni na isnadi da rarrabe mutawatiri da ahadi.

Abin da ya iso ga talaka

Talakan Turai bai karanta Latin ba, amma ƙurar ta same shi. A ƙauyen Montereale na arewacin Italiya an yi wani mai niƙa da ake kira Menocchio, wanda ya karanta 'yan littattafai ya riƙa gaya wa mutane cewa duniya ta dunƙule ne kamar yadda cuku ke fita daga madara, mala'iku kuma suka fito kamar tsutsotsi a cikinsa. Kotun coci ta yanke masa hukuncin kisa a 1599. A Janairun 1697 aka rataye Thomas Aikenhead, ɗalibi ɗan shekara 20 a Edinburgh, bayan abokan karatunsa sun ba da shaida cewa yana yi wa nassi izgili, kuma shi ne na ƙarshe da aka kashe a Birtaniya da laifin saɓo. Farautar mayu, wadda ta ci rayukan dubun-dubatar mutane, akasarinsu mata, ta lafa ne da alƙalai suka fara shakkar iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa. Malamin Katolika Friedrich Spee ya yi wannan gargaɗi a 1631, limamin Furotesta Balthasar Bekker kuma ya rasa muƙaminsa a Amsterdam bayan littafinsa na 1691 da ya musanta ikon Shaiɗan a kan jikin mutane. Dokar Ingila ta 1689 ta ba Furotesta da ba sa bin cocin gwamnati damar ibada, ban da Katolika, Faransa kuma sai a 1787 ta amince da aure da haihuwar Furotesta a rajistar hukuma.

Ba a miƙe aka taho daga Hume zuwa ƙidayar 2021 ba. Ƙarnin da ya haifi Hume shi ya haifi mai wa'azi John Wesley da farfaɗowar addini a tsakanin ma'aikatan Ingila, kuma a 1799 aka kafa ƙungiyar mishan ta CMS wadda daga baya ta iso Badagry da Abeokuta da Zariya. Masana tarihi sun rabu a kan abin da ya rage jama'a a coci: wasu suna danganta shi da waɗannan gardandami, wasu da ƙaura zuwa birane da masana'antu, wasu kuma suna cewa babbar faɗuwar ta zo ne daga shekarun 1960. Abin da ya fi fitowa fili a gadon wancan zamani shi ne doka. Ingila da Wales sun soke laifin saɓo a 2008, Denmak ta soke nata a 2017. A Disambar 2023, bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani a bainar jama'a, majalisar Denmak ta kafa dokar hana wulaƙanta littattafai masu tsarki, da hukuncin tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Gwamnati ta ce tsaron ƙasa ne ya sa, masu adawa kuma suka ce an dawo da dokar saɓo ne da sabon suna.